Ƙirgen Sabon Zuwa

"Ashirin da ɗaya," na ce, ina karkaɗe rigar ruwata. Wendell, ɗaya daga cikin abokan aikina, ya fashe da dariya har kofi ya sarƙe shi.

Kwanana biyu ke nan a wannan tsibiri na gaɓar jihar Maine ta Amurka, inda muka zo aikin sa-kai na bazara. Tun safe abokan aikina suka tura ni kan duwatsu in ƙirgo tsuntsayen teku masu jan baki. Awa huɗu na yi cikin yayyafi, ko tari ban yi ba don kar su tashi.

"Sannu da ƙoƙari, baƙo," in ji Wendell. "Tsuntsayen katako ka ƙirga. Mu muka sassaƙa su don su jawo na gaske. Shekara shida ko ɗaya bai sauka ba. Bana in ba a dace ba, rufe aikin za a yi."

Kunya ta rufe ni. Kowa na dariya ban da Delphine, shugabarmu, wadda ta ajiye cokalinta a hankali.

"Nawa ka ce?"

"Ashirin da ɗaya. Sau biyar na ƙirga."

Ta dubi Wendell. "Ashirin muka kafa."

Wendell ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya ruga kan duwatsun.