Kaset Ɗin da Ba a Datse Ba

Kwafi uku mai shagon ya jera mata a kan kanta. Duk fim ɗaya ne, duk hoto ɗaya ne a jiki: wata halitta mai fatar kada da kai kamar tukunya. A ƙasan hoton ga sunan mahaifinta.

'Yar Dodo ake ce mata tun tana makaranta, kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Babanta ya yi shekara goma sha ɗaya yana wasan dodo, cikin rigar roba daga kai har tafin ƙafa, ba a taɓa ganin fuskarsa a fim ba. Ya rasu saura wata huɗu a haife ta. Abin da ta sani nasa tafiyarsa ce kawai, da yadda yake ƙwanƙwasa dokin ƙofa sau biyu kafin ya wuce, don a cikin rigar mutum ba ya gani sosai.

Duk fina-finansa ta tara su, ban da na ƙarshe. Shi ne Mama ta hana a shigo mata da shi gida, shekara talatin ba ta sassauta ba. Mama tela ce, ita ta riƙa ɗinka masa rigunan, amma ko warin sabon takalmin roba ta ji sai ta fita waje.

Yanzu idon Mama na tafiya. Likita ya ce 'yan makonni ne suka rage mata na ganin haske. Shekaranjiya, ba gaira ba dalili, ta ce a nemo mata fim ɗin, wanda ba a datse ba. Idan aka kawo wanda ba shi ba, babu lokacin sake nema.

Mai shagon tsoho ne, kuma in ya fara maganar fim sai dai ka nemi wurin zama. Ya ɗaga na farko ya yi tsaki: kwali mai ƙyalli, kyan ɗan maciji, an yanke masa minti goma sha ɗaya. Na biyu faifai ne da aka wanke hotonsa tas, har zaren ɗinki ana gani, amma masu gyaran sun datse sama da ƙasa don ya cika talabijin na zamani. Na uku tsohon kaset ne, hoto dishi-dishi, sauti kamar ana suya. Shi kaɗai ne ba a taɓa ba.

Sai ya rage murya. Ya ce ta dai san labarin ko? An binne mutumin ranar Litinin, wurin faɗowa daga bene kuwa sai ranar Alhamis, bayan kwana uku, aka ɗauka. Ba a sa sunan kowa ba sai nasa, kuma waɗanda suka yi aikin duk sun mutu da bakinsu a rufe. Tafiyar tasa ce, ƙwanƙwasar tasa ce. Abu ɗaya ne ya bambanta: a duk fina-finansa in zai faɗi kansa yake karewa, a nan kuwa kan ya bar wa matakala, hannuwan suka yi ƙasa.

"Fatalwa ai ba ta tsoron fashewar kai," in ji shi, kuma bai yi dariya ba.

Ta ɗauki kaset ɗin, ya ara mata tsohuwar na'urar da zai yi a ciki, ya ce kar ta dawo da ita da ƙura.

Da la'asar ta isa gida. Ƙofar falo a buɗe kamar kullum, domin Mama ba ta zama a rufaffen ɗaki, ko bargo ba ta yarda ya kai mata fuska. Mama ta fito daga ɗaki tana lalube, ta ƙwanƙwasa dokin ƙofa sau biyu, ta wuce. Zama da mutum ke nan, in ji 'Yar Dodo a ranta, har halinsa sai ka ɗauka.

Ta jawo mata kujera har gaban talabijin, hancinta ya kusa taɓa gilashin. Fim ya yi ta tafiya, Mama ta zuba masa ido. Ita kuwa 'Yar Dodo tsoro take ji na gaske, ga kuma kewar mutumin da ba ta taɓa gani ba. So take ta yarda cewa shi ne, ko da daga kabari ya taso.

Dodo ya hau bene. Ya tsaya a ƙofa, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Numfashin Mama ya canza, ta kai hannu wuya, inda take da tsohon tabon da ta ce dutsen guga ne. Aka harbi dodon, ya juyo, ya gangaro matakala goma sha huɗu, kansa na dukan kowace ɗaya.

"Tsayar da shi nan," in ji Mama.

Hoton ya tsaya yana rawa. A can ƙasa, daidai inda sabon faifan ya datse, hannuwan dodon biyu sun rungume cikinsa gam.

'Yar Dodo ta tambaya a hankali ko Mama ta gane shi, ko da gaske Baba ne.

Mama ta ɗora yatsa a kan gilashin, a kan hannuwan nan, tana shafawa.

"Ba shi na ce ki nemo mini ba, shi ai na binne shi. Ke nake son in gani. Ga ki nan ƙarƙashin hannuna, watanki biyar a cikina."