Huji a Gaban Riga

Tela ta ɗaga rigar da saurayinta direba ya kawo gyara, sai hasken taga ya ratso ta wani ɗan huji mai ƙonannen baki. Nan take ta haɗe rai.

"Gawayin dutsen guga ne," ya yi saurin faɗa, yana tauna kanumfari, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Ni za ka raina wa hankali?" Ta wurga masa rigar. "Shekara goma ina ɗinke wa Baba irin wannan hujin. Ba ka rantse mini ka bar sigari ba?"

"Kara ɗaya ne fa, ranki ya daɗe."

"Haka shi ma yake cewa, har ya fara tarin jini. Keken ɗinkina na farko a kuɗin asibiti ya tafi, kuma bai tashi ba. Wallahi ba zan sayar da wannan saboda ƙirjinka ba!"

Ya buɗe baki, tari ya riga shi magana. Idonta ya ciko, amma ba ta sassauta ba.

"Gaya wa kawunka kada ya zo gidanmu jibi nema maka aurena. Hujin riga ina iya ɗinkewa. Na huhunka fa, wa zai ɗinke?"