Kilishin Madam Laetitia

Malam Hamadu ya gatsa, ya tauna, ya lumshe ido, sai ga ƙwalla. Ba yaji ne ya kawo ta ba. Abin da yake tsoro ne ya tabbata: kilishin matar nan ya fi nasa.

Shekara talatin da ɗaya yana shanya nama a unguwar Yelwa ta Garwa, a rumfar da ya gada wurin mahaifinsa. Haɗin labun da yake shafa wa naman sirrin gida ne, ko matarsa Hafsatu ba ta taɓa ganin ma'aunin ba. In ana zancen kilishi a garin, sunansa ake fara kira, kuma ya fi son sunan nan da rumfar kanta.

Sai rezo, wato intanet, ya cika gari, komai ya koma cikin waya, daga shinkafar Maga har ragon suna. Hafsatu ta taɓa ba shi shawara ya sa kayansa a ciki, ya rantse kilishin ubansa ba zai shiga waya ba. Tasa wayar mai maɓallai ce, da ita yake danne takardar naɗe nama kada iska ta kwashe.

Ana haka masu zama a bencinsa suka fara nuna masa shafin wata Madam Laetitia ta unguwar Domayo a Marwa. Ba a ganin fuskarta, sai hannuwa biyu da lalle suna zuba kilishi a leda mai ruwan zinariya, ga kiɗa yana tashi. Daga Duwala ake oda, daga Yawunde ake oda. Wani malamin makaranta, Lionel, yana cin na Hamadu ba kunya ya ce, "Baba, naka ma ba laifi, amma na Madam wata duniya ce."

Mutum ɗaya ya riƙe amana, Patrice mai moto, wato ɗan acaɓa. Kullum da safe zai ɗaure kwali a bayan moto, ya ce na masu fasa dutse ne a Figil. Kwali ɗaya ya koma biyu, biyu suka koma huɗu. Hamadu yakan sa musu albarka, ya ce masu fasa dutse sun fi malaman makaranta hankali.

Duk da haka abin ya tsaya masa a rai. Ya sa Hafsatu ta yi masa odar leda ɗaya a wayarta da sunan ƙarya. Kafin ya idar da alwalar azahar saƙo ya iso. Ya yi mamakin saurin, Marwa fa ba nan kusa ba ce. Hafsatu ta ce ai haka rezo yake yanzu.

Ledar ce ta sa shi ƙwalla. Hafsatu ta ɗanɗana, ta ɗaga kafaɗa.

"Ni dai, Malam, ban ji bambanci ba."

"Ke da ba ki raba masoro da kimba, me za ki ji?"

Daga ranar yaƙi ya tashi. Hamadu ya ƙara citta a labunsa, ya sake oda bayan mako guda, sai ga citta a na Madam. Ya ƙara kanumfari, Madam ta ƙara kanumfari. Ya rufe ido ya zuba zuma, abin da da mahaifinsa na raye sai ya kore shi daga rumfa, Madam ma ta zuba zuma. Abin haushin, kowane karo nata ya ɗan fi nasa armashi.

Ya yi nazari ya gano ɓarawon: wayoyi ne ke sauraronsa. Ya hana kowa shiga rumfa da waya. In zai haɗa labu, sai ya karɓi ta Hafsatu ya jefa a tukunya, ya rufe, ya ɗora dutsen niƙa a kai, sannan ya auna kayan yaji yana juya wa tukunyar baya. Wayar tana ta ƙugi a ciki ba hutawa. Hafsatu ta ce 'yan biki ne.

Bai hana komai ba. Ran nan hannunsa ya zarce da gishiri, ledar Madam ta zo da gishiri zau. Ya zauna a bakin ƙofa da tagumi. Wadda ke kwaikwayon mutum har kuskurensa, kuma ta fi shi iya kuskuren, da me za a yaƙe ta? Ya ji ya zubar da sunan ubansa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya wanke wuƙaƙensa, ya naɗe su a tsumma, ya ja ƙyauren rumfa. Ya gaya wa Patrice mutanen Figil su yi haƙuri, su koma cin gyaɗa.

A rana ta uku Lionel ya zo har gida da waya a hannu. Madam Laetitia ta rubuta cewa kaya sun ƙare, mutanen Duwala kuma sai zage-zage suke a ƙasa. Hamadu ya miƙe a zaure yana taka rawa, ya ce alhakinsa ne ya kama ta.

Bai gama juyi ba Patrice ya faka moto ba kwali, duk ya jiƙe da gumi. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya leƙa ta saman kafaɗar Hamadu ya ɗaga murya zuwa cikin gida.

"Madam! Ajans ta tashar mota ta kira sau shida, motar Duwala za ta tashi. Me zan ce musu?"

Hafsatu ta fito da waya a hannu ɗaya, ɗayan hannun mai lalle riƙe da damin ledoji masu ruwan zinariya, babu komai a ciki.

"Malam, don Allah je ka hura wuta," ta ce. "Kwana uku ke nan ka bar ni ba abin da zan zuba a leda."