Mijin da Na'ura Ta Kasa Samowa

Manhajar haɗa aure ta sake sandarewa ranar Talata. Mai kamfanin ya riga ya faɗa wa Zulema Etchegaray, babbar injiniyarsa, cewa in masu zuba jari suka zo Juma'a suka tarar da ita a haka, ta kwashe kayanta.

Abokin aikinta Washington ne ya gano cutar. Idan mace ta nemi miji aka samu wanda ya dace, na'ura takan ajiye amsar a kusa don kada ta sake wahala. Idan ba a samu ba, ba ta ajiye komai. Duk sanda aka sake tambaya, sai ta koma ta bi mazan Uruguay kaf, ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma wata mata ta haɗa wa asusunta ɗan shirin kwamfuta da ke tambaya ba dare ba rana.

"Ko wace ce, ta san aikinmu," in ji Washington, yana miƙa mata ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasarsu. "Ji abin da take nema, uwar ɗakina. Ba ya shan taba. Yana wanke kwanuka. Ba ya zancen ƙwallo. A nan birnin Montevideo! Baiwar Allah, wa ya cuce ki?"

Ofis ya kwashe da dariya. Zulema ta zuƙe mate ɗin tas, ta mayar masa da ƙoƙon.

"Mu rufe asusun kawai," ya ce.

"Ba a korar mai hulɗa da kamfani," in ji Zulema.

"To, na'ura ta riƙe 'babu' ɗin nan shekara guda."

"In mijin ya yi rajista gobe fa?"

"Wa? Wannan ai sai dai a haife shi gobe."

Suka yi ta ja-in-ja, har ta sauko da shi zuwa yini ɗaya. Da hannunta ta rubuta gyaran. Manhajar ta miƙe garau, masu zuba jari suka tafi suna murmushi, mai kamfanin ya kira ta gwana a gaban kowa.

Da yamma a cikin bas, Zulema ta kare wayarta da jaka, ta buɗe asusun nan nata da aka yi wa dariya a ofis, ta danna nema. Shekara uku ke nan tana zuba wa allon ido yana juyi kafin ya ba ta amsa. Yau kam, albarkacin gwanintarta, "babu" ta iso tun ba ta ɗaga yatsa ba.