Wuƙar Baba Nicasio

Ranar Laraba ce, ana zafi, babu iska.

A masana'antar taba ta garin Bejucal, Don Evaristo mai karatu yana kan dandamalinsa yana karanta wa masu naɗin taba littafi, su kuma hannu na ta aiki. Wani lauya ne na birnin Habana ya rubuta shi, kan bauta a gonakin rake da yaƙin da bayi suka gudu daji suka shiga. In wuri ya yi daɗi sai a buga wuƙaƙe a kan allon yankan ganye. Samarin da aka haifa bayan 'yanci su suka fi kowa bugawa, har da masu share hawaye.

Baba Nicasio bai buga ba. Shi ke riƙe da ƙararrawar karatu, shi ke cewa a fara ko a tsaya. Girmamawa ce aka yi masa, don a cikin mazan ɗakin shi kaɗai ya yi bauta. Can ƙarshen benci yake zama, inda gwiwar hannunsa ba ta takura wa kowa, da wuƙarsa wadda ba mai iya ara saboda washinta daban ne. Komai zafi ba ya tuɓe riga. Kowa ya ce ya san dalili: tabon bulala yake ɓoyewa. Ana kawo masa kofi, ana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar a coci.

Da aka zo inda ake dukan wata baiwa, sai ya kaɗa ƙararrawa. Ya ce a ajiye shirmen nan. Lauyan bai taɓa ganin bulala ba, wai a tsaye ake duka a jikin bishiya. Kife mutum ake yi a kan tsani, kuma ba a tara duka wuri ɗaya, sai in ana so a yi asarar ma'aikaci. Ya ce a ɗaga hannu a sauya littafi, ko a nemi wani ya riƙe ƙararrawa.

"Ayya, Baba, mun fama maka ciwo," in ji wani. Hannuwa suka fara tashi. Don Evaristo, wanda ɗazu muryarsa ke rawa don tausayi, har ya rufe littafin.

"Ku kam tumaki ne. Tsoho ya yi tari, kun watse."

Inna Brígida ce a bakin ƙofa, wata tsohuwa da aka ɗauka kwanan nan a ɗakin mata masu zare jijiyar ganye. Ta ce a ƙarasa littafin, tana so ta ji ko lauyan zai rataye mai bulalar. Wani saurayi ya ce ta koma wajen ganyenta, wannan maganar waɗanda suka ɗanɗana ce. Ta juya baya, ta sauke riga daga kafaɗa.

Tabon ya cika bayan, duk ya karkata gefe ɗaya.

Ta ce lokacin yaƙi aka kama ta tana kai wa mutanen daji abinci, aka kai ta gona mafi kusa, ba ta ubangidanta ba, aka kife ta a tsani. Tsoho ya yi gaskiya a nan. Amma babban kuskuren lauyan shi ne da ya ba Bature bulala.

"Bature ba ya gajiyar da hannunsa. Mai bulalar bawa ne irinmu, aka ƙara masa nama a kwano. Ban ga fuskarsa ba. Matar da ta wanke ni da ruwan gishiri ce ta duba ta ce aikin bahago ne. Tun daga ranar hannun maza nake kallo."

Ta mai da rigarta, ta dubi ƙarshen benci. "Baba, kai da ka san tsani haka, ba ka so mu ji ƙarshensa?"

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa na kusa da shi ya kaɗa ƙararrawar, wai ya gaji. Samari suka buga wuƙaƙe don girmama tsofaffin biyu da suka sha wuya, aka kawo musu kofi.

Washegari ya riga kowa zuwa, riga a rufe har wuya. Ya zauna, ya ɗauki wuƙar da hannun dama, karo na farko a rayuwarsa, ya shiga ɓata ganye.