Jirgin da Shaho Ya Kushe

Alhaji Mas'udu ya zagaya jirgin sau uku a kan allo, ya leƙa ƙarƙashin cikinsa, ya duba wutsiya, yadda yake yi wa bijimi a kasuwar shanu ta Ngong. Da jirgin na da haƙora, da ya buɗe bakin ya duba.

Shekara uku ke nan da ya mayar da ɗakin baƙi na gidansa a Garwa ta Kamaru wurin tuƙin jirgin kwamfuta: allo uku, sitiyari, abin takawa a ƙasa, da kujerar wata tsohuwar mota. Jiragen kuwa ta intanet ake sayensu a zuba a na'urar. Sau ɗaya ya taɓa shiga jirgin gaske, zuwa Makka, kuma ido a rufe ya yi tafiyar. Amma a ƙungiyarsu ta mutum goma sha huɗu Kwamanda ake ce masa, don shi ke riƙe da hular gasar sauka, mai zaren gwal a goshi. Har wurin suna yakan je da ita a mota.

Sai wani mai kiran kansa Shaho ya shigo zauren ƙungiyar na waya. Ba hoto, ba murya, rubutu kawai. Cikin wata biyu makinsa ya fara taka na Alhaji, kuma yawanci a ranakun kasuwa yake turowa.

"Wannan ba shi da aikin yi," in ji Alhaji. "Mu muna rana da shanu, shi yana inuwa."

Zafin abin ya sa ya yi rantsuwa a zauren: in Shaho ya ci shi a gasar bana, zai miƙa masa hular da hannu biyu a cikin gidansa, ya haɗa masa da na'urar baki ɗaya. Parfait, malamin makarantar da ke sakataren ƙungiya, ya rubuta ya ajiye.

Gasar mai sauƙin faɗa ce. Kowa daga gidansa, cikin mako guda, zai sauka a wani guntun filin ƙasa a bakin Binuwai, da jirgi ɗaya tak. Shi ya sa Alhaji ya kasa cin abinci, don jirage biyu ne a gabansa, ya rasa wanda zai zaɓa. Farin jirgin, mai taya a hanci, salihi ne, ko an dunƙula masa sauka sai ya zauna. Rawayan kuwa tayarsa a wutsiya take, yana iya tsayawa a filin da bai fi faɗin tabarma ba, amma in hannu ya yi nauyi sai ya yi tsalle ya juya ya kalli inda ya fito. Masu sayarwa sun ba da kwana bakwai na gwaji. Alhaji ya hau rawayan sau biyu, sau biyu ya shiga kogi. Na'urar dai ta nuna awa goma sha ɗaya a kansa, ya ce su ma Turawa lissafi na kuɓuce musu.

Duk wannan matarsa Ummuhani yake yi wa bayani, don ita kaɗai ya yarda ta shiga ɗakin ta share ƙura in ya fita. Takan tsaya da tsumma a hannu tana cewa to. Shekara goma sha biyu tana roƙon ya bar ta ta koyi mota, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, tuƙi yana son natsuwar namiji.

Ana saura kwana biyu gwaji ya ƙare, Shaho ya rubuto a zauren: "Rawayan nan tarkace ne. Ko kyauta aka ba ni ba na so."

Alhaji ya karanta, ya yi dariya har da buga cinya. Shekara talatin yana kasuwar shanu, ya san wannan yaren. Ba mai yabon sanuwar da yake so. Wanda ya tsaya yana cewa ƙafarta ta karkace, gashinta ya bushe, shi ne zai ja igiyarta da yamma.

"Yaro ne," ya ce wa Ummuhani. "Ni zai yi wa wayon kasuwa? Rawayan yake so, sirrin yana cikinsa." Nan take ya saya.

Makon gasa ya zo. Ran Talata Alhaji ya sauka, jirgin ya yi tsalle huɗu ya tsaya da hanci a ciyawa. Ya ce iska ce. Washegari ya tafi Ngong da hular a gefen kujera, kafin la'asar makin Shaho ya shigo: jirgi rawaya, sauka ɗaya, ko ƙura bai tayar ba.

Ran Lahadi 'yan ƙungiya suka cika tsakar gidan. Alhaji ya zauna da hular a cinya, fuska kamar an yi masa rasuwa, kuma gaskiya zuciyarsa ta karye, don abin da ya fi so ne zai fita daga hannunsa. Ummuhani ta kawo shayi tana zuba wa baƙi. Aka jira Shaho har shayin ya huce.

"Patron, vraiment, mutumin ya ce yana nan," in ji Parfait, yana haɗawa da Faransanci, yana duba wayarsa. "Ya ce tun safe ya iso."

Kowa ya kalli na kusa da shi. Alhaji ya miƙe. "To ya fito mana! Ni dai na san abu ɗaya, ban yi kuskure ba, jirgin nan shi yake so."

Ummuhani ta ajiye butar shayin, ta goge hannuwanta da gefen mayafi, ta miƙa su duka biyu.

"Ba ka yi kuskure ba, Alhaji," ta ce. "Amma da na ce ina so, ai da ba ka saya mini ba."