Sunan da Ke Bayan Rubutu

Kin tambaye ni, ƙanwata, me ya sa nake matsa muku ku koyi sa suna a bayan rubutun shafi a kwamfuta, alhali ga bango can an tanada don haka. Zauna ki ji.

An yi wata mata mai haɗa sabulu da man shafawa, wadda ta tsufa a kan sana'ar har soda ta cinye mata fatar yatsu. Da ta ga mata sun yi mata yawa da tambaya, sai ta zauna gaban kwamfuta ta rubuta duk abin da ta sani: awon soda, awon manja, yadda ake juyawa, da abin da za a yi idan haɗi ya tsinke. Ta sa sunanta a bango, ta kai wa shugaban ƙungiyar masu sana'a ta garinsu don a raba wa mata. Shi kuwa ya yage bangon, ya sa wani bangon mai ɗauke da hotonsa da babbar riga, ya raba a matsayin aikinsa. Da ta je ta yi magana, ya ce mata ilimi na Allah ne, kuma mace mai kamun kai ba ta neman suna. Maƙwabta suka ce ta bar wa Allah, mutumin yana da manya. Ta ce ta bar wa Allah, amma ba ta bar wa shugaba ba.

Ta koma gida ta rubuta kashi na biyu, wanda ya fi na farko amfani. A wannan karon ta rina shafukan da launin ruwan ƙwai irin na sabulunta, sannan ta shimfiɗa sunanta a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan, dishi-dishi a bayan rubutun, kamar zanen da ke jikin takardar kuɗi. Kowane shafi haka. Ta buga, ta kai masa da hannunta. Ya duba, ya ɗaure fuska, ya ce ta cire wannan abin ko ya fitar da ita daga ƙungiya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, bango ka iya yagewa. Wannan kuwa sai dai ka yage littafin."

Ya riga ya gayyaci baƙi taron rabawa, lokaci ya ƙure masa. Ya sa aka bi sunan da farin fenti na goge rubutu, sai awon soda ya tafi tare da shi. Ya sa aka rage baƙin injin kwafi don sunan ya ɓace, sai lambobin suka koɗe har ba a bambance cokali uku da takwas, kuma kin san soda ba a yi mata kintace. Ya sa aka ƙara duhun shafin don ya haɗiye sunan, sai takarda ta fito kamar gindin tukunya. A ƙarshe dole ya raba littafin yadda yake, da hotonsa a bango. Mata suka buɗe a gaban baƙi, shafi bayan shafi, suna karanta sunan da ke kwance a bayan kowane layi. Ya cika alkawarinsa, ya kore ta daga ƙungiya. Ba ta roƙe shi ba, ba ta aika kowa ya ba da baki ba. Kafin wata ya mutu, tsakar gidanta ta cika da masu koyo, ofishinsa kuwa sai shi da kujeru.

To, ja kujerarki kusa in nuna miki inda ake latsawa. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.